Jar Gorar Malam Kyari

Shekarar da Malam Kyari ya yi ritaya daga koyarwa, likita ya auna jininsa ya ce masa ko dai ya motsa jiki, ko jikin ya ajiye shi. Ya dawo gida Kazaure, ya janyo tsohon kekensa ya kai wa mai gyara. Shekarunsa sittin da ɗaya a lokacin.

Da farko iyakarsa bakin dam. Kafin damina ta wuce yana kaiwa Roni ya juyo tun rana ba ta yi zafi ba. Sai dai duk ranar da ya yi doguwar tafiya, washegari cinyoyinsa su sandare, sai matarsa Dela ta kama shi kafin ya miƙe daga tabarma. 'Yarsa Amna, mai aikin harhaɗa magunguna a Kano, ta zo ganin gida ta same shi a haka. Zuwanta na gaba ta kawo masa wani gwangwani cike da gari.

Ta ce, "Baba, amino asid ne, irin sinadaran da jiki ke samu daga nama da wake da ƙwai. Masu motsa jiki ke sha saboda gajiya. Ba magani ba ne, ba kuma zai maye gurbin tuwo ba. Na nuna wa likitanka, ya ce ba laifi. Cokali ɗaya a gorar ruwa."

In aka kaɗa garin, ruwan ya koma ja. Malam ya riƙa sha a hanya da kuma in ya sauka. Ko garin ne, ko jiki ne ya saba, shi dai ya daina neman mai tayar da shi.

To, a waɗannan shekarun matasa na zuba maganin tari mai sa maye a robar lemo, su zauna suna kurɓa. Unguwarsu ta kafa kwamitin yaƙi da shaye-shaye, Malam Kyari ne sakatare. Wata safiya wani ɗan acaɓa ya gan shi a gindin dutse kan hanyar Roni yana ɗaga jar gora. Kafin Juma'a labari ya gama gari: dama an ce ruwa ba ya tsami banza, tsoho ya yi ta keta garuruwa a kan keke ba ya ko haki!

Dela ta ce, "Malam, don Allah ka riƙa zubawa a fulas. Jiya a gidan suna ina shiga aka yi tsit."

"Mai laifi ke ɓoyewa," in ji shi. Ya ma sa aka ɗaura wa gorar mazauni a gaban keken.

Wata Asabar bayan la'asar aka kira shi ƙofar gidan Mai'unguwa Daudu. 'Yan kwamiti duk sun hallara, shugabansu Alhaji Maikasuwa na gefen dama. Malam ya jingine keke, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya ajiye gwangwanin a tsakiyar tabarma. Ya nemi ruwa da kofi, ya auna cokali ɗaya, ya kaɗa a gabansu, ya shanye rabi.

"Ranka ya daɗe, ga abin da ake magana a kai. Bisimilla, kowa ya ɗanɗana."

Ba wanda ya ɗanɗana. Mai'unguwa ya sansana ya mayar.

Alhaji Maikasuwa ya gyara murya. "Malam, ba mu ce kana shan ƙwaya ba. Amma yanzu in muka kama yaro da roba, sai ya ce ai Malam ma yana sha. Ka ɗaure mana hannu. Ka bar abin nan, ko ka sha a cikin ɗakinka."

"Alhaji, maganarka da hujja. To ku tara mini yaran, in karanta musu abin da ke rubuce a jikin gwangwanin nan. Shekara talatin da biyar aikina ke nan."

"Ba za mu mai da kwamiti wurin talla ba."

"Amma kun mai da shi wurin shari'ar jita-jita." Muryarsa ba ta tashi ba. "Shekara huɗu nake rubuta muku takardu. Da aka yi mini ƙazafi, waye a cikinku ya taka ya zo gidana ya tambaye ni?"

Ya zaro littafin kwamiti daga aljihu, ya ajiye a gaban Mai'unguwa da hannu biyu, ya ɗauki gwangwaninsa ya tafi.

Washegari da yamma ya kai kansa filin ƙwallo. Ya tsaya a bakin fili ya karanta wa samari duk abin da ke rubuce a jikin gwangwanin, ya fassara musu. Ya ƙara da cewa wanda ke samun wake da nono da isasshen barci, ba dole ne ya sayi wannan ba. Wasu na dariya. Sai Ɗan'azumi makaniki, wanda kowa ya san ba abin da bai sha ba a rayuwarsa, ya matso ya ce, "Malam, a ba ni in gwada." Ya kwankwaɗi gora guda, ya zauna a kan benci, jama'a suka zuba masa ido. Aka ɗan jima. Ya miƙe a fusace.

"Wallahi ba komai a ciki! Ko hamma bai sa ni ba. Kun sa tsoho a baki a banza."

Shaidar da ta fi yawo a gari ke nan.

Bayan mako biyu Alhaji Maikasuwa ya aiko a ce masa ya dawo bakin aiki, abin da ya wuce ya wuce. Malam ya ce wa ɗan aiken, "Ka gaishe shi da kyau. Ka ce a bainar jama'a aka shafa mini baƙi, a nan nake so a wanke ni."

Ba su yi ba, shi ma bai koma ba. Suna gaisawa a masallaci, iyakarta ke nan. Abin ya yi masa ciwo, don yana son aikin.

Bayan Ƙaramar Salla ya ɗaura niyyar kaiwa Babura, tafiyar da bai taɓa yi ba. Ya fita bayan asuba, sau uku yana sauka ya huta, tayar baya ta yi faci a hanya, bai isa ba sai azahar. Wani tsohon ɗalibinsa mai sayar da hatsi ya gan shi a bakin kasuwa jiƙe da gumi, ya rantse sai ya saka shi a mota har da keken a mayar da shi gida. Malam ya ce a dai ba shi wurin alwala da malmalar tuwo biyu, zai kwana, gobe ya koma yadda ya zo.