Awon Ƙarshe a Tsohon Gini

Tun da aka kwashe sashen binciken magunguna zuwa sabon gini, ita kaɗai ta rage a tsohon. Ɗalibai ne suka raɗa mata suna Uwar Zare, saboda duk aikinta a kan wani bututun gilashi yake, siriri kamar zaren ɗinki, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Sunan ya bi ta, har shugaban sashe ma da shi yake kiranta idan ya sha'afa. An ce ta zauna ta ƙarasa awon da ke hannunta kafin a taɓa na'urar da bututun yake ciki, don idan aka ɗaga ta sai an sake saita komai daga farko.

Ɗakin aikinta yana can ƙarshen baranda. Sauran ƙofofin duk a kulle suke, an ciccire sunayen da ke jiki, sai shatin kusoshi. Da safe takan ji sautin takalminta yana bin ta a baya har ta isa.

Aikin ba mai hayaniya ba ne. Takan cika bututun da ruwan awo, ta tsoma bakinsa biyu cikin 'yan kwalabe, ta shigar da ɗigon magani ta baki ɗaya, sannan ta sakar masa wutar lantarki mai ƙarfi. Wutar ce ke jan maganin ya bi cikin bututun. Kusa da ƙarshe akwai wata 'yar taga da haske ke ratsawa, idan maganin ya gifta sai wani tudu ya taso a allon kwamfuta. In ta zuba furotin na jini a cikin ruwan, maganin yakan kama shi ya saki, ya kama ya saki, sai ya makara a hanya. Ta ƙara furotin, ya ƙara makara. Daga wannan makarar ake lissafa ƙarfin riƙon da ke tsakaninsu, a fitar da shi a lamba ɗaya.

Ba ita kaɗai ta faro aikin ba. Tare suka faro da malaminta, wani guntun dattijo da kowa ke kira Dogo don tsokana. Shi ya koya mata yanka bututun ba tare da bakin ya tsage ba, shi ya koya mata ƙona 'yar tagar da bakin ashana. Tambayar da suka sa a gaba ita ce: idan mutum yana shan maganin tsinka jini, aka haɗa masa da wani maganin ciwon gaɓoɓi, shin na biyun zai ture na farkon daga jikin furotin? In ya ture shi, maganin tsinka jinin zai yi yawo sakaka fiye da kima. Dogo ya ce zai ture. Ita ta ce ba zai ture ba.

"Wanda ya faɗi shi zai wanke kwalabe har ƙarshen shekara," in ji shi. "Ki fara neman soso."

Ba a kai ko'ina ba ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ta je asibiti ta gan shi ta bayan gilashi, daga nan ba ta ƙara komawa ba. Kullum sai ta ce bari ta sami abin faɗa masa tukuna.

Kujerarsa tana nan inda ya bar ta, an ɗaga ta sama yadda ƙafafunsa za su riƙa lilo. Da rana takan ci abincinta a tsaye bakin taga, tana hango matasan sabon gini suna fitowa rukuni-rukuni suna dariya. A gida ma haka abin yake. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta tilo tana aure a wani gari mai nisa.

Ranar da lissafin ya fito, da hantsi ne. Ta jera tuddan a allo, ta ga ƙarara yadda makarar ke raguwa duk lokacin da ta ƙara maganin gaɓoɓin. Dogo ne da gaskiya. Ta juya da baki buɗe za ta yi magana, sai ta ga kujerarsa babu kowa. Ta rufe bakinta.

Ta kira shugaban sashe. Ya ce, "Madalla, sannu da ƙoƙari. Turo min in duba idan na fito taro. Wato yanzu za mu iya ɗauke na'urar ke nan?"

Ta kira 'yarta. Ana jin kukan jariri da ƙarar famfo.

"Umma, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Aikin nan ne ya fito."

"Kai, na taya ki murna. Umma bari in kira ki an jima, wannan yaron ya jiƙa ni sharkaf."

Ta zauna riƙe da wayar har allonta ya mutu. Sannan ta sa kwamfutarta a jaka ta fita neman mota.

Matar Dogo ce ta buɗe mata ƙofa, doguwar mace mai furfura, hannunta riƙe da tawul. Ta dube ta, ta ce, "Ƙanwata, ashe kina gari."

"Ina nan, Yaya. Kunya ce ta hana ni zuwa."

"Shigo. Kunya ba ta gaida mara lafiya. Mutanen wurin aikinku sun zo da farko, yanzu kuwa ƙafa ta ɗauke." Ta rage murya. "Kada ki tsorata. Yana ji, yana ganewa, amma kalma ɗaya ce ta rage masa a baki. Ko ruwa yake so, ko juyi, ita ce dai."

Yana zaune a kujera kusa da taga, an tokare shi da matasai. Ya ƙara ƙanƙancewa. Hannun dama yana kan cinya kamar ba nasa ba.

"Malam, ina wuni. Ya jiki?"

Ya dube ta da kyau. "Tukuna," ya ce.

Ta jawo kujera ta buɗe kwamfutar a kan gwiwarta. Ta fara bayani a hankali, tana jin muryarta baƙuwa a kunnenta, don ta kwana biyu ba ta yi doguwar magana da kowa ba. Ta nuna masa tuddan ɗaya bayan ɗaya, ta nuna masa lambar.

"Ka ci ni, Malam. Na sayi soson."

Ɓarin bakinsa na hagu ya ɗaga, wani sauti ya fito daga ƙirjinsa. Matarsa ta leƙo daga ƙofar kicin, ta tsaya, ta koma.

Sai ya ɗago hannun hagu, ya kai yatsa kan allon. Ya wuce tuddan, ya wuce lambar, ya sauka can ƙasa inda aka rubuta yanayin da aka yi awon. Ya ƙwanƙwasa wurin. "Tukuna."

Ta sunkuya ta duba. Zafin bututun yake nunawa. A zafin ɗaki ta yi awon, kamar yadda suka saba yi a gwajin farko. Ya janye yatsan ya ɗora a wuyansa, ya bar shi a nan.

"Zafin jiki," ta ce. "Kana so in sake a zafin jikin mutum."

Ya lumshe ido ya buɗe. Ta gyara masa matashin da ya zame, ta ce za ta sake, kuma da kanta za ta kawo masa.

Shugaban sashe bai ji daɗi ba, amma ya ƙara mata lokaci. Aikin ya zo da gardama. Da zafi ya ƙaru sai furotin ya riƙa manne wa cikin bututun, tuddan su fito a karkace. Ta yanka sabon bututu, ta canza ruwan wanki, ta sake. Wata rana kumfar iska ta shiga ta katse wutar, aikin yini guda ya tafi a banza. Makonni suka shige. A ƙarshe tuddan suka tsaya cak, lambar ta fito. Turewar tana nan, har ta ɗan fi ta farko.

Ta tafi gidan Dogo da yamma, ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Ta ƙwanƙwasa duk da haka. Maƙwabciya ta leƙo ta saman katanga.

"Ai sun tashi. Babban ɗansu ya zo ya tafi da su garin da yake aiki, wai can akwai masu gashin ƙashi. Ba su faɗa miki ba?"

"Ba su faɗa ba."

Ta zauna a kan dakalin ƙofar, jaka a cinya, ta kira matar Dogo. Sai da ta kusa katsewa aka ɗauka.

"Ƙanwata, ki yafe ni, tafiyar ta zo a gaggauce. Jikin ya ɗan matsa. Yanzu ko kalmar nan ba ya faɗa."

"Yaya, ko za ki kara masa wayar a kunne?"

Aka yi motsi, aka ja wani abu, sai numfashi mai nauyi. Ta gaishe shi. Ta faɗa masa yadda furotin ya manne, da yadda ta shawo kansa, ta faɗi lambar sau biyu a hankali. Numfashin ya ci gaba yadda yake. Ta jira.

"Idonsa biyu," in ji matar daga baya. "Yana kallon silin. Ban sani ba ko ya ji."

"Ba komai, Yaya. Allah ya ba shi sauƙi."

Washegari masu ɗaukar kaya suka zo. Ta cire bututun da kanta, ta tsaya tana nuna musu inda za su kama na'urar. A sabon gini aka ba ta wani lungu kusa da matakala, aka ce mai haɗa wutar sai wani makon. Wata ɗaliba da ke wucewa ta tsaya ta tambaye ta ko baƙuwa ce, wa take nema. Ta ce a'a, nan take aiki. Ɗalibar ta ba da haƙuri ta wuce, ita kuma ta jawo kwali ta zauna ta fara fitar da kwalabe.