Abin da Malama Tayyiba ta gani a bisa itace

Shekara goma sha huɗu Malama Tayyiba ta yi tana koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a Suleja, kuma duk shekara sai ta zana wa ɗalibanta goggon biri a allo, tana musu bayanin yadda yake kama da mutum. Ita kanta ba ta taɓa ganinsa ba sai a littafi. Shi ya sa da Anti Lidiya, abokiyar aikinta mai koyar da lissafi, ta ce za ta je Serti duba ƙanenta Bitrus, wanda yake aiki a gandun dajin Gashaka, Tayyiba ta nemi izinin maigidanta ta bi ta.

Kwana biyu suka yi a hanya. Tayyiba ta zaci za ta tarar da fili fetal irin wanda ake nunawa a talabijin, mutum na zaune cikin mota dabbobi na gilmawa. Sai ta tarar da duwatsu sun tokare sama, ga daji mai duhu, ga rafuka, kuma aka ce da ƙafa ake shiga.

"To ina dabbobin suke?" ta tambayi Bitrus ranar farko, bayan sun yi tafiyar awa uku.

"Ai ga su nan ko'ina, Malama," in ji shi. Ya nuna mata wani rami a cikin laka. "Ɓauna ce ta wuce yau da safe."

Ta duƙa ta duba. Ita dai rami ta gani.

Haka aka yi ta yi. Baba Ɗantala, wani dattijon ɗan jagora da Bitrus ya ɗauko, ya kan tsaya cak ya ɗaga yatsa, kowa ya yi shiru, can sai ya ce, "Sun tafi." Su wa suka tafi, ba ya faɗa sai an tambaya. Ya nuna mata tarin ganye a ƙololuwar wani itace ya ce gadon goggon biri ne, nan ya kwana jiya. Bitrus ya taya ta murna har da jinjina, wai akwai masu zuwa daga ƙasar waje ba su samu ganin ko gadon ba. Tayyiba ta yi godiya, ba ta san me aka ba ta ba.

Rana ta uku da hantsi suna hawan wani tudu, ƙafafunta na ciwo, gyalenta duk ƙaya, sai daji ya ɗauki wata irin kururuwa. Ta faro a hankali kamar mutum na haki, ta yi ta hauhawa har ta koma ihu, sannan aka shiga dukan wani abu kamar ganga. Tayyiba ta tsaya cak. Bitrus ya miƙa mata madubin hangen nesa.

"Ga shi can! Itacen nan mai farin jiki, reshe na biyu!"

Itatuwa masu farin jiki sun kai biyar a gabanta. Ta ɗora madubin a ido, komai ya koma kore dishi-dishi. Ta murɗa, ya ƙara dushewa. Lidiya na matse mata kafaɗa tana raɗa, "Kai, kai, Malama, dubi!" Can sai wani baƙin abu ya cika madubin, ya motsa, ganye ya rufe. Shi ke nan.

Suka zauna a kan dutse suna mayar da numfashi.

"Mace ce, da ɗanta a baya," in ji Bitrus.

"Wane ɗa?" Lidiya ta ce. "Ƙaton namiji na gani, shi kaɗai, yana tauna wani abu."

"Yaya, wane itace kika duba?" in ji Bitrus.

"Wanda ka nuna mana."

Baba Ɗantala ya gama shan ruwa ya goge baki. Ya ce kukan dai na goggon biri ne, babu shakka, amma daga ƙetaren kwari ya fito. Abin da ke bisa itacen, shi a ganinsa, wani baƙin biri ne mai doguwar farar wutsiya.

"Malama, kin ga wutsiya?" Duk suka juyo gare ta.

Ta rufe ido tana neman abin da ta gani. Baƙi ne. Yana da gashi, ko kuma inuwa ce ta sa ta ga kamar gashi. Ta ga kamar hannu ya kama reshe, amma yanzu da aka ambaci wutsiya, hannun ya fara komawa wutsiya a ranta.

"Wallahi ban sani ba," ta ce.

Da suka dawo Suleja, Lidiya ta riga ta baza labari a ɗakin malamai cewa sun ga goggon biri ido da ido. Ranar Litinin Tayyiba na shiga aji, wata ɗaliba mai suna Mojisola ta ɗaga hannu.

"Ma, da gaske kin gan shi? Ya yi kama da wanda kike zanawa?"

Tayyiba ta buɗe baki za ta ce e, ta fasa. Ta ciro wayarta ta nuna musu hoto ɗaya da Lidiya ta samu ta ɗauka a wurin: ganye, da wani baƙin ɗigo a gefe. Wayar ta zaga aji. Rabinsu suka rantse sun ga fuska, wasu suka ce kututture ne, wani ya ce ai yatsan mai ɗaukar hoton ne.

"Ni ma abin da na sani ke nan," ta ce musu. "Amma na ji kukansa, wannan kam kowa ya yarda."

Suka nace sai ta kwaikwaya. Ta leƙa taga, ta gyara murya, ta fara hakin a hankali, ta yi ta hauhawa. Ba ta kai ƙarshe ba shugaban makaranta ya faɗo ajin a guje yana tambayar wa ya suma.