Shari'ar Ƙarshe ta Wakil Sahab

A kan kujera aka sauko da shi daga bene, mijina Tanwir da direba suna riƙe da ƙafafunta, shi kuwa yana ta yi musu faɗa.

"A hankali, ba buhun albasa kuka ɗauko ba!"

Matarsa Rukhsana, wadda muke kira Apa, wato Yaya, ta tare ƙofa da baƙar kwat ɗinsa ta lauyoyi a hannu.

"Baban Uzma, likita ya ce zuciyar nan ba za ta ɗauka ba. Kuma a kan wa? Sikandar Tarar? Wanda ya sa aka karya maka haƙarƙari?"

"Biyu kawai ya karya. Sauran suna nan. Ba ni rigata."

Ba wanda bai san Inayat Warraich ba a Lahore. Mu 'yan layinmu na Samanabad, Wakil Sahab muke ce masa, wato Malam Lauya. Tun ina amarya nake ganin 'yan jarida a ƙofarsa. Duk lokacin da soja suka jingine tsarin mulki, shi ne na farko a kotu, kuma shi ne na farko a kurkuku. Apa ta yi jigilar kwanon abinci zuwa gidan yari har ta san masu gadi da sunayensu. Zuwansa na ƙarshe kuwa ba soja ne suka kai shi ba. Tarar ne, yana minista a lokacin, ya sa aka rufe shi, ya fito yana tafiya a karkace.

Yanzu reshe ya juye. An tsare Tarar ba tare da tuhuma ba, lauyoyin da suka ci arziƙinsa duk sun kashe waya. Matar Tarar ce ta zo neman taimako da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa, Apa ta ƙi ce mata ta shigo. Wakil Sahab ya leƙo ta taga ya ce ya karɓi shari'ar.

"Farzana, ke gaya masa," Apa ta ce da ni.

Kafin in buɗe baki ya riga ni. "Ƙanwata, in aka ɗauke mugu ba bisa doka ba muka yi shiru, gobe Tanwir za a ɗauka. Shi ko kaza bai iya yankawa ba."

Tanwir ya yi dariya. Apa ba ta yi ba. Ta sa masa rigar, ta ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Rigar ta yi masa yawa.

Kafin azahar suka dawo daga kotu. Tanwir ya ce ƙananan lauyoyi sun yi ta miƙewa suna ba Wakil Sahab hanya, wasu na sumbatar hannunsa. Ya zauna a layin gaba yana motsa leɓe, yana bitar abin da zai faɗa. Sai magatakarda ya fito ya ce alƙali ba zai zauna ba, an ɗage zuwa wata mai zuwa.

Da na kai masa kunun shinkafa da la'asar, yana kwance, bai tuɓe ba.

"Da sun bar ni na yi magana," ya ce. "Na shirya ta da kyau, Farzana."

Bai sha kunun ba. Ranar Alhamis da hantsi, ina shanya a saman soro, na ji ihun 'yarsa Uzma. Wakil Sahab ya cika.

Layinmu ya cika da baƙaƙen kwat har bakin titi. Mu mata muna ciki, an shimfiɗa farin zane, an zuba ƙwallayen dabino a tsakiya, kowa na ɗiba tana ja masa addu'a da su kamar carbi. Can sai mata suka waiwaya. Matar Tarar ce a ƙofa, ita kaɗai, mijinta har yanzu yana tsare.

"Wannan ba ta da kunya," wata ta raɗa.

Apa ta ɗaga kai ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta janye gwiwarta gefe. Matar ta cire takalmi ta zauna a takure. Apa ta kamfato ƙwallayen dabino, ta tura su gabanta a kan zanen.