Labulen Farfesa

"Sake faɗa mini, ban gane ba," na ce, ina gyara zama a bakin gadonta.

Farfesa ta sauke tabarau kan hancinta, ta kalle ni ta samansa. Kwana uku ke nan muna kan kalma ɗaya tak, tana nan soke da fil a jikin labulen tagarta.

"Mutumin da aka sa shi abu, zai yi, amma yana jan ƙafa, ransa ba ya so," ta ce, numfashinta na fita da ƙyar. "Wa kika sani haka a layinmu?"

Na ɗaga kai ina kallon silin kamar mai tunani. "Wallahi babu wanda ya zo mini. Mu bari sai gobe."

Bari in koma baya kaɗan, don na san na jefa ku tsakiyar zance, kuma halina ne. Farfesa maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu shekara talatin da ɗaya. Ɗinki ne sana'arta. Bayan rasuwar maigidanta, tana da shekara hamsin, ta shiga ajin manya ta koyi Turanci, daga nan ta kama sayen tsofaffin littattafai wajen wani mai baza su a bakin titi. Ni na laƙaba mata Farfesa don tsokana, ita kuma ta rama da kirana Rediyo, wai ba a taɓa jin na ɗauke ba. Sunayen suka bi mu, har jikokinmu ba su san na yanka ba.

Tana da wata ƙa'ida a karatunta. In ta ci karo da kalma mai tauri, ba ta tsallakewa. Sai ta yanki guntun takardar da take zana ɗinki a kai, ta rubuta kalmar, ta soke ta a labule. Ta buɗe ƙamus ɗinta mai ɗaurin zare ta yi ta dubawa. Daga nan sai abin da take kira gwaji. Ta ce ita ba ta taɓa miƙa wa mutum riga ba tare da ta ga yadda ta zauna a jikinsa ba, to kalma ma haka. Sai ta ƙwala mini kira ta kan katanga. Ni kuwa Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Za ta yi mini bayani da Hausa, ni kuma in kawo mata mutum ko wani abu a layinmu da kalmar ta dace da shi. In ta zauna daidai, ta cire fil, ta jefa takardar a gwangwanin maɓallanta, sannan ta juya shafi. In ba ta zauna ba, shafin nan ba zai juyu ba ko da za a yi mako.

Gwangwanin yana gabana yanzu, daga ciki nake kwafo muku. Ga meticulous, wato mai tsantseni a aiki, wadda muka gwada wa mai gyaran agogo na bakin layi, mutumin da ke goge sukuddireba kafin ya ɗauka, ya sake gogewa kafin ya ajiye. Ga garrulous, wato mai yawan surutu. Ranar da ta zo kan wannan, bayani kawai ta yi ta jefa a gwangwani, ta ce ba sai na wahalar da kaina neman misali ba.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da ita. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Da aka sallamo ta daga asibiti karo na uku, likitan ya ja 'yarta Auta gefe ya ce a kai ta gida a kula da ita, kowa kuma ya gane abin da yake nufi. Auta ta ɗauki hutu daga kantin maganin da take aiki ta dawo gidan.

A lokacin Farfesa na kan wani ƙaton littafi marar bango, labarin wata mata da ta ƙetare teku tana neman ƙaninta. Shekara biyu tana cikinsa, saura shafi tara. Ranar da aka dawo da ita, tana ganin idona ya yi ja, ta ce, "Ke Rediyo, share hawayenki. Ba inda za ni sai na ga ko matar nan ta sami ƙaninta."

Da wasa ta faɗa. Ni kuma na ɗauki maganar na ƙulle a bakin zanena. Na ce a raina, to, in dai littafin nan ne ya riƙe ta, ai kuwa ba zai ƙare ba muddin ina da baki. Abin da ya kai mu kwana uku a kan kalma ɗaya ke nan.

Auta ta shigo da kofin ruwa da ƙwayoyin rana, ta tarar da mu a haka.

"Mama, don Allah ki bari in karanta miki shafukan nan. Minti ashirin mun gama. Kalmomin kuma ga waya, nan take zan duba miki."

"Ni da na shekara arba'in a kan keken ɗinki za ki sa wa rigar kanti?" Farfesa ta haɗiye ƙwayoyin ta miƙa mata kofin. "Je ki duba tukunyarki, ina da magana da gwaggonki."

Da ta fita, Farfesa ta kamo hannuna. Yatsunta sun yi sanyi, amma ƙarfin riƙon almakashi yana nan.

"Ke da kika gane wata kalma mai tauri ta alƙalai cikin minti biyu, yau wannan ce ta gagare ki?"

"Tsufa ne."

"Tsufan ƙarya. Mai jan ƙafa, ransa ba ya so. Ga ta nan zaune a bakin gadona, ta danne mini bargo."

Na sunkuyar da kai. Ban san sanda hawaye ya ɗiga a bayan hannunta ba.

"Kin ce ba za ki tafi ba sai kin gama," na ce.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na tallafe ta na shafa mata baya. Da ta dawo daidai ta ce, "Ashe duk zaman da muka yi ban san wautarki ta kai nan ba. Kina tsammanin ajalina jira yake in juya shafi? In ya zo zai ɗauke ni ko ina tsakiyar layi. Abin da kawai za ki ja mini shi ne in tafi ban san yadda matar nan ta ƙare ba. Shekara biyu fa ina bin ta."

Na tashi da kaina na cire fil ɗin. Reluctant, haka aka rubuta. Na jefa ta a gwangwani.

Daga ranar muka kama aiki ba wasa. Idonta ya daina ɗaukar ƙananan rubutu, don haka ta yarda Auta ta riƙa karantawa, amma bisa ƙa'idarta. Da safe, bayan an goge mata jiki, lokacin da take da ɗan ƙarfi, Auta za ta zauna a kujerar keken ɗinki ta fara. In aka zo kalma mai tauri sai Farfesa ta ɗaga yatsa. Auta ta rubuta, ta soke a labule, ta buɗe ƙamus. Da farko tana yi tana duban agogo. A rana ta uku sai ga ta ta tsaya da kanta, ba a ɗaga mata yatsa ba.

"Mama, wannan ni ma ban san ta ba. Na sha ganinta ina wucewa."

"To ga fil nan," in ji Farfesa. Idonta a rufe, amma na ga gefen bakinta ya motsa.

Ni kuwa na dawo da kaifina. Mai shagon kusurwa, direban bas ɗin makaranta, matar da ke kiwon kaji a bayanmu, babu wanda ban ɗinka wa kalma ba a kwanakin nan.

Ranar Laraba da hantsi muka kai shafin ƙarshe. Matar ta sami ƙaninta a wani ƙauyen masunta, ya yi furfura, yana zaune yana gyaran raga. Auta ta karanta, ta fassara mini. A layi na biyun ƙarshe yatsan ya ɗaga. Auta ta rubuta ta soke, ta ƙarasa layin da ya rage, ta rufe littafin.

"Ta same shi," Farfesa ta ce. Sannan ta ƙara, "Raga yake ɗinki. Ashe ɗan sana'armu ne." Ta kalli labulen. "Waccan a bar ta, na gaji. A gwada daga baya."

Da yammacin ranar, rana ba ta kai ga faɗuwa ba, ta cika. Auta na riƙe da hannu ɗaya, ina riƙe da ɗaya. Allah ya jiƙanta.

Bayan mako guda, masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, ina shanya a tsakar gida sai na ji an ƙwala mini kira ta kan katanga.

"Gwaggo Rediyo, ko kina kusa?"

Na same ta a ɗakin. An naɗe katifa, an rufe keken da zane. Ƙamus na buɗe a cinyarta, takardar nan guda tana jikin labule. Solace.

"Abin da ke sanyaya wa mutum zuciya in yana cikin baƙin ciki," ta ce. "Ba wai ya cire baƙin cikin ba. Ya dai sa a iya ɗauka." Ta share hanci da gefen mayafinta. "Me kika sani haka a layinmu?"

Ni da ba a taɓa jin na ɗauke ba, yau magana ɗaya tak gare ni. Na ce, "Kiran da kika yi mini yanzu ta kan katanga."

Ta jinjina kai, ta miƙe ta cire fil ɗin, ta jefa takardar a gwangwani. Sannan ta ɗora mini shi a cinya, ta ce wannan nawa ne, ita littattafan za ta ɗauka. Ta zaro ɗaya daga ƙarƙashin gado, ta kaɗe ƙurarsa, ta tambaye ni ko ina gida ranar Asabar mu fara shi.

Ta buɗe littafin ta ajiye shi a tsakaninmu. Rana ta karkato ta bayan taga, labulen ba ko takarda ɗaya a jikinsa, sai ƙananan hujin fil, ɗaruruwa, haske na ratsowa ta cikinsu yana sauka a kan shafin farko.