Rabon Kalilu Mai Kalangu

"Mayar masa," in ji Kalilu, ya ture ƙunshin naman da bayan hannu har ya gangara daga bakin tabarma.

Hembadoon ta sunkuya ta ɗauka, ta karkaɗe ƙasar da ta manne wa ganyen. Karo na uku ke nan cikin mako guda tana kawo saƙon nan daga kasuwa, daga hannun Sha'aibu mahauci, yana korar ta da shi.

"Baba, nama ne fa, ba maciji ba."

"Me ya ce da ya ba ki?"

Ƙarya ba ta zama a bakinta, shi ma ya sani.

"Ya ce in gaishe ka. Ya ce sadaka ne, Allah ya ba ka lafiya. Ya ce ka huta da ganga naka, tunda jiki ya ƙi."

"Kalangu. Shekara bakwai katanga ɗaya ce tsakaninmu, har yau ba ki raba ganga da kalangu ba." Tari ya sarƙe shi, ya dafe ƙirji sai da ya lafa. "Je ki gaya wa Sha'aibu, Kalilu bai taɓa cin naman da bai kaɗa ba. Ba kuwa a bakin kabari zai fara ba."

Hembadoon 'yar Tibi ce, daga wajen Makurɗi. Ta biyo mijinta Ortese, wanda ke aikin gyaran hanyar jirgi, wani lokaci ya yi sati biyu can kan layi bai leƙo gida ba. Ita kuwa tana kasa doya a kasuwar Lafia. Ɗakin da suka kama na jingine da gidan Kalilu, tsoho marar mata marar ɗa a kusa, ga baki kamar reza. Ba danginta ba ne, addininsu ma ba ɗaya ba, amma tun da ƙafafunsa suka kumbura a daminar nan ta 1955, ita ce mai ɗebo masa ruwa, ita ce mai dama masa koko. Mai magani ya ce jikinsa na son romo, in ba haka ba ba zai ga kaka ba. To ga nama har gida, ga mai nama ya ƙi ci. Abin na ci mata rai ba kaɗan ba.

Wanda bai san kasuwar nan a da ba zai ce rigimar tsufa ce kawai. Tun kafin a shimfiɗa hanyar jirgi, ba a sanin nama ya fito sai an ji kalangu. Da an feɗe an kawo rumfa, Kalilu zai matse kalangunsa a hammata ya bi mahauta ɗaya bayan ɗaya, kowa da takensa, matan gari na daga tsakar gida su san wa ya kayar da sa, wa ya tsaya a akuya. Wanda duk aka kaɗa wa take kuwa, sai ya yanko daga wuyan dabbar, ya huda, ya zura kaba, ya miƙa wa mai kalangu da hannunsa. Wannan shi ne rabonsa, ba roƙo ba ne, ba kuma alfarma ba.

A cikin mahautan nan babu wanda kiɗan Kalilu ke hawa kansa kamar Sha'aibu. Ya sha jefar da wuƙa ya shiga fili yana rawa da jini a riga. Ya bi Kalilu biki har Kwandere, ya bi shi Agyaragu a ƙafa, yana cewa ranar da kalangun nan ya yi shiru shi ma ya bar fawa. Sai Allah ya buɗa masa, ya fara loda shanu a jirgi zuwa kudu. Bara ya dawo daga Inugu da garmaho, ya girke shi a kan tebur a gaban rumfarsa. A murɗa hannu, a ɗora allura a kan faifai, sai ka ji wasu mutane can cikin akwati suna busa suna waƙa da yaren da babu mai ji ko kalma ɗaya. Amma zo ka ga cinkoso! Waɗanda jiya suke rantsuwa da Kalilu, yau su ne ke ture shi da kafaɗa don su leƙa cikin akwati. Ɗan Adam ke nan, ba ya raina sabo ko da bai san sunansa ba.

Ba zagin Kalilu aka yi ba, da ma zagin ne da ya fi sauƙi. Wata safiya ya ɗaga hannu zai fara, sai Sha'aibu ya ce, ko waiwayowa bai yi ba, "Baba, ɗan dakata faifan ya ƙare tukuna." Kalilu ya dakata. Faifai ya ƙare, aka juya bayansa. Ya ƙare, aka ɗora wani. Da rana ta take, tsoho ya rataya kalangunsa ya koma gida, babu wanda ya lura ya tafi. Wata goma sha ɗaya ke nan bai taka rumfar mahauta ba.

Hembadoon ta mayar da naman. Sha'aibu ya karɓa yana girgiza kai.

"Ni me na yi masa? In kiɗa ya canza, ai rawa ma sai ta canza. Girman kai rawanin tsiya, ki gaya masa."

Ba ta gaya masa ba. Sai ta yi dabara irin ta mai son mutum ya rayu. Washegari ta kwashi doya mai kyau ta kai wa wani mahauci, ta zaɓi tsoka jawur, babu ƙashi babu jijiya, ta dafa da citta da barkono har ƙamshi ya tsallaka katanga. Ta ajiye kwanon a gabansa tana kallon gefe.

"Wannan ba sadaka ba ne, Baba. Tsohon mahaucin nan Abdulsalami ya aiko. Ya ce rabo naka ne na kiɗa."

Kalilu ya sa cokali ya juya romon, ya ɗago yanka ɗaya ya duba. Maƙogwaronsa ya motsa, ta gani da idonta.

"Cinyar sa ce."

"Cinya ya fi daɗi mana."

"Ya fi. Amma mahaucin da zai aiko wa mai kalangu cinya ba a haife shi ba. Abdulsalami kuma rabonsa da kayar da sa tun kina goye." Ya ajiye cokalin a hankali. "Doyarki kika kai, Mai Doya. Allah ya yi miki albarka. Ajiye wa mijinki."

Nan fa ranta ya ɓaci, hawaye suka zo mata tare da faɗa.

"To mutu! Mutu saboda wuya! Wa zai gode maka? Su suna can suna rawa da akwati, kai kana nan kana bushewa kamar kuɓewa. Kai kaɗai ne ka san kana fushi!"

Ta zaci zai yanka mata baƙar magana yadda ya saba. Sai ya tsura wa kumburarrun ƙafafunsa ido.

"Kin yi gaskiya," ya ce. "Fushin da mai shi kaɗai ya sani, ciwo ne. Gobe da hantsi ki kai ni kasuwa."

Tafiyar da yaro ke yi kafin ya gama cin ƙosai ɗaya, su sai da suka huta sau huɗu. Hannunsa ɗaya a kafaɗarta, ɗaya a kan sanda, ita kuma ta ɗora kalangun a kan tiren doyarta ta aza a ka. Masu tallar gyaɗa suka yi ta dariya, wani ya ce yau kuma Tibi sun fara kasa kalangu. Ita kuwa duk hankalinta na kan numfashin da take ji yana fita da ƙyar a gefen kunnenta.

Garmaho na ta aikinsa, samari sun kewaye shi. Kalilu bai ko dubi wajen ba. Ya sa ta zaunar da shi a kan wani kututture a tsakiyar rumfunan, ya rataya kalangu, ya ja igiyoyin, ya matse. Bugun farko ya fito a shaƙe, wasu suka kwashe da dariya. Na biyu ya fito sosai.

Ya fara da rumfar ƙarshe, ta Abdulsalami, wanda ya yanka 'yar akuya guda tun safe ƙudaje ne kawai cinikinsa. Muryar Kalilu ta dushe, amma kalangu ya ɗauke masa nauyin maganar:

"Abdulsalami, ƙaramar wuƙa mai gama aiki,
Akuya ta gan ka ta yi sallama da dusa."

Abdulsalami ya ɗago kai kamar wanda aka kira daga barci. Ya miƙe tsaye. Kalilu ya wuce ga taken rumfa ta biyu, ta uku, yana bin su a jere yadda ya saba shekara arba'in, har da taken waɗanda suka mutu 'ya'yansu suka gaji rumfa. Gumi na zuba daga gemunsa. Hembadoon ta durƙusa a bayansa ta tokare shi da kafaɗa don kada ya kife.

Da ya zo kan rumfar Sha'aibu, wadda ta fi kowace girma, sai ya ɗaga hannu, ya tsaya kamar numfashi biyu, ya tsallake ta ya kama taken na gaba.

Samarin garmaho ba su san an yi wani abu ba. Amma duk mai furfura a rumfunan nan ya sani, har wani ya ce "Af!" da ƙarfi. A tsallake mutum a gaban abokan sana'arsa, tamkar an ce babu shi ne. Sha'aibu ya tsaya da wuƙa a hannu, fuskarsa ta canza. Ya jira har aka kai rumfar ƙarshe ta ɗaya ɓangaren, ko za a dawo kansa. Kalilu ya rufe kiɗa ya sauke hannu.

Abdulsalami ne ya fara zuwa, da guntun wuyan akuya a zare da kaba, abin da bai fi tafin hannu ba. Wasu biyu suka biyo shi. Sauran suka sunkuyar da kai suna ta sara, kamar aiki ya yi musu yawa. Sai ga Sha'aibu, ya rungumo wuyan sa guda, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ni fa?"

"Kai wa?"

"Haba Baba. Sha'aibunka ne. Ko sau ɗaya."

Kalilu ya dube shi, babu fushi a idonsa, babu kuma sassauci.

"Ɗan dakata," ya ce, "faifan ya ƙare tukuna."

Ya miƙa wa Hembadoon hannu ta ɗaga shi. Suna fita daga rumfunan ta ji an sake murɗa garmaho, samari sun koma rawarsu.

Ranar ya ci. Ta dafa wuyan akuyar ya yi lugub, ya shanye romon, ya tsotse ƙashi, ya ce gishiri ya yi kaɗan, ya kuma nemi ƙari. Ita kuwa daɗi ya cika ta har tana yi masa waƙar garinsu, yana ce mata ta rufa wa waƙa asiri. Ta sa rai zai tashi. Kwana biyu ya ƙara, yana cin naman kiɗansa, safiya ta uku ta shigo da koko ta same shi a kishingiɗe ya juya fuska gabas, jiki ya riga ya yi sanyi. Ta ajiye kwanon, ta fita ta kira liman, sannan ta dawo ta zauna a bayan katanga ta yi kukanta.

Kafin azahar an kai shi. Mutanen ba su da yawa. Sha'aibu ne ya kawo likkafani, shi ne kuma ya ƙi sakin makara har bakin kabari. Da aka dawo aka yi addu'a aka watse, shi bai tafi ba. Ya zauna a dakalin ƙofar gidan, ita tana daga gefe tana feraye doyar da za ta aika wa Ortese.

"Bai bar mini wata magana ba?" ya tambaya.

"Bai bari ba."

Can sai ta ji yana bubbuga gwiwarsa da yatsu, a hankali, yana neman takensa. Ya kama farkon daidai, ya zo tsakiya ya ɓace masa. Ya sake daga farko, ya sake ɓacewa a wuri guda. Ita ta san inda yake kuskurewa, akwai wani ɗan bugu biyu da yake tsallakewa kafin a juya. Ya ɗago ido ya dube ta.

Hembadoon ta ɗauki wata doyar ta ci gaba da feraya. Shi kuma ya mayar da yatsunsa kan gwiwa, ya sake farawa.