Murhun Hassumi

Sanyin Alƙahira ba ya sallama, kuma a ɗakin ƙarƙashin bene ya fi samun wurin zama. Nan Hassumi yake kwana, a wani dogon gida a Madinat Nasr, tun da abokan karatunsa suka gama suka koma Damagaram ɗaya bayan ɗaya. Shi ya tsaya yana ɗaure wa 'yan kasuwa kaya. Yana da hita mai ɗumama ɗaki da lantarki, amma da an ɗauke wuta sai ta zama kayan ado.

Dalilin da ya faɗa wa maƙeri ke nan, lokacin da ya sa shi ya yanka masa rabin duro, ya yi masa ƙofa da bututu. Amma ba sanyi kaɗai ke cinsa ba. A garinsu in ka hura wuta da sanyi ba sai ka gayyaci kowa ba. Mutane da kansu za su zo su tsuguna, su miƙa hannuwa, hira ta ɓalle. Abin da yake so ke nan, mutum ɗaya ya zauna kusa da shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya jera bulo, ya ɗora duron, ya zura bututun ta 'yar tagar da ke daidai da ƙafafun masu wucewa. Ya farfasa katakon akwatunan lemo, ya hura, wuta ta kama. Ya ɗora buta, ya wanke kofuna har da waɗanda suka yi ƙura, ya bar ƙofa a buɗe.

Mutane kuwa sun zo, don hayaƙi a Alƙahira ma yana kira, sai dai ba kiran hira ba. Ya ji gudu a matattakala ana ihun gobara. Fadl mai gadin gidan ne a gaba da bokiti, maƙwabta na biye da shi. Kafin Hassumi ya buɗe baki, an sheƙa wa murhu ruwa.

Da suka ga babu gobara sai dariya ta kece, wani yana dafa kafaɗarsa. Ɗakin bai taɓa cika haka ba. Ga shi tsaye cikin ruwan toka, amma wallahi daɗi ya ji.

"Ku zauna mana," ya ce da Larabci. "Yanzu zan sake hurawa, mu sha shayi."

"Ma'alish, ya shehi," in ji Fadl, yana ba shi haƙuri. "Gobe ka cire abin nan. Khalas, shi ke nan."

Suka fara hawa sama, kowa da bokitinsa. Fadl ne na ƙarshe. Hassumi ya bi shi har bakin matattakala, bai san lokacin da Hausa ta suɓuce masa ba, irin abin da ake faɗa wa baƙon da ya ƙi zama.

"Haba Fadl, sai ka ce ka zo ɗiban wuta?"

Fadl ya juyo, ya yi murmushin wanda bai gane ba, ya ɗaga masa hannu, ya haye.