Ranar da Inno Ta Faɗi Sunan Mai Kada

A wata ruga da ke gefen Roni, wadda tuni ta daina tashi ta zama ƙauye, an yi wata tsohuwa Bafillatana ana ce mata Inno. Ta haifi 'ya'ya, ta binne wasu, ta aurar da wasu, amma akwai suna guda da bai taɓa fita daga bakinta ba, sunan ɗanta na fari. Haka ta tashi ta tarar ana yi a gidansu. Mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Ranar da aka yaye shi yayarta Dela ta goya shi ta tafi da shi ɗakinta, daga nan ya zama "na Dela". In an tambayi Inno labarinsa, sai ta kau da kai ta ce, "Ku tambayi mai ɗa." Dela ta rasu, shi ya yi gemu ya tara iyali, amma a bakin Inno yana nan na Dela.

Sauran duniya kuwa Sama'ilu Mai Kada suke ce masa. Tun yana saurayi ya kai shanu shan ruwa, ya tsinci ɗan kada a bakin rafi, bai fi tsawon muciya ba. Ya kawo shi gida, ya haƙa masa rami a bayan danga, ya riƙa ba shi kwaɗi da kayan cikin kaji. Kada ya girma, Sama'ilu ya bar wa ƙannensa sandar kiwo ya kama wasa. Ran kasuwa sai a loda wani babban tankin ƙarfe da aka yanke rabi a akori-kurar Abu direba, a kai shi Kanya Babba ko Gwiwa ko Kazaure, a cika shi da ruwa. Makaɗi ya saki ganga, Sama'ilu ya tuɓe riga ya shiga ruwa har ƙugu, ya hau bayan dabbar, ya buɗe bakinta da hannu biyu, mata su rufe ido suna leƙe ta tsakanin yatsu. Shekarun nan ne da arzikin mai ya fara shigowa, kowa yana neman abin kallo, kowane zaure kuma da rediyonsa.

Inno ba ta taɓa son wannan sana'a ba. To amma ta yaya za ta faɗa masa, ita da ko ido ba ta haɗawa da shi? Sai dai ta tsaya tsakar gida tana watsa wa kaji tsaba, ta ɗaga murya ta ce, "Wasu mutane dai shanun ubansu ba su ishe su ba." Kaji su ci tsabarsu, shi kuma ya yi murmushi ya wuce. Amma duk safiyar da zai fita wasa, sai ta cika ƙwarya da kindirmo mai maiƙo, ta miƙa wa jikarta Saude, 'yarsa ta fari, ta ce, "Kai wa uwarki, ya yi mini yawa." Nonon nan bai taɓa yi mata yawa ba sai ran kasuwa.

A kasuwar Gwiwa abin ya faru. Ƙasan tankin ya yi gansakuka, ƙafar Sama'ilu ta zame, ya faɗi gefen bakin dabbar. Kada kuwa kada ne, ko da kai ka raine shi. Ya cafke masa cinya ya juya da shi cikin ruwa. Kafin maza su ɓamɓare shi da taɓare jini ya riga ya zuba da yawa, ya cika a bayan motar Abu a hanyar asibiti. Wani maharbi ya bindige kadan a nan take. Aka kawo gawa gida, aka yi mata wanka da sutura, aka kai ta makwanci. Matarsa Mairo ta yi kuka har muryarta ta dishe. Inno ta zauna a ƙofar ɗakinta tana kaɗa nono, idonta a bushe, kamar yadda uwar ɗan fari take yi. Abin da ke cikin ƙirjinta, ita da Mahaliccinta suka sani.

Ran sadakar uku sai ga wani saurayi a kan babur, da rikoda rataye a kafaɗa. Ya ce sunansa Muhammadu Lawal, daga wani gidan rediyo na birni aka turo shi. Ya ji ta bakin makaɗi, ya ji ta bakin mutum biyu da ba su ma je Gwiwa ba ranar, sannan aka nuna masa Inno. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya miƙo mata bakin na'urarsa.

"Gwaggo, an ce ke ce mahaifiyar marigayi."

Inno ta ja mayafi ta dubi bango. "Ni ba ni da ɗa mai kada. Na Dela ne."

"Amma ba ke kika haife shi ba?"

"Ka tambayi mai ɗa," in ji ta, ta ci gaba da kaɗa nononta.

Ya kashe rikoda, ya hau babur ya tafi.

Da labarin ya fito a rediyo, ko mutanen da suka ɗauki gawar sai da suka dubi juna. Wai kada ya cinye maigidansa a bainar jama'a, ba a samu abin binnewa ba sai tsumman wando. Wannan ƙaryar mai sauƙi ce, tunda kabari yana nan kowa ya gani. Amma daga ƙarshe mai karanta labarin ya sassauta murya ya ce, mahaifiyar mamacin ta shaida wa wakilinsu cewa ba ɗanta ba ne, ko hawaye ba ta zubar ba. Sai aka sako muryar Inno kanta, ƙarara: "Ni ba ni da ɗa mai kada."

Abin haushin shi ne, babu wanda bai san kunyar ɗan fari ba daga Roni har Babura. Matan da suka fi kowa yaɗa maganar, su ma ba sa faɗin sunan nasu. Amma magana in ta fito daga akwatin nan sai ta yi wani kwarjini, mutum ya ƙaryata idonsa ya gaskata batir. A bakin rijiya aka ce ai dama tsohuwar ba ta son wasan. A mahauta aka ce sallama shi ta yi. Kafin kasuwa ta zagayo, magana ta nuna ta faɗo: bakin uwa ne ya kama Sama'ilu Mai Kada, shi ya sa dabbar da ya raina ta juya masa.

Saude budurwa ce ta isa fahimta, amma ba ta isa ta toshe kunne ba. Ita ce 'yar ɗakin Inno, tare suke cin tuwo, tana tsokanar kakarta da cewa haƙoranta sun tafi ci-rani. Wata rana ta dawo daga rijiya tulunta ko rabi bai kai ba, ta tsaya a ƙofar ɗakin, idonta jawur.

"Inno, da gaske ne kin yi wa Baba baki?"

Inno ta ji kamar an soka mata tsinke a zuciya. Amsar tana nan a kan harshenta, amma amsar magana ce a kan na Dela, harshen kuwa bai taɓa koyon wannan hanya ba. Abin da ya fito shi ne, "Je ki ɗauko mini tsintsiya."

Yarinyar ta ɗauko tsintsiya ta ajiye, ta juya. Daga ranar ba ta sake shiga ɗakin ba. In sun haɗu a tsakar gida ta durƙusa ta gaishe ta yadda ake gaida baƙuwa. Mairo tana takaba, ƙwaryar nonon da Inno ta aika mata ta dawo a rufe.

Wannan ne ya hana Inno sakat. Mutuwa ta karɓe ta, daga Allah take. Amma a ce ɗan nan ya tafi da fushinta, a ce 'yarsa ta rayu tana ganin ubanta la'ananne ne, wannan ba za ta iya haɗiye shi ba. Ta aika aka kira mata Abu direba, ta tambaye shi inda ake samun yaron nan mai akwatin magana. Abu ya ce ai an sanar zai zo Kazaure ran Juma'a, manya za su duba sabuwar madatsar ruwa.

Ran Juma'a ta yafa zanen saƙinta na fita kunya, ta shiga gaban motar Abu, ita da ba ta taɓa wuce Roni ba sai a ƙafa. A bakin madatsar ta tarar da taro, ga manyan riguna, ga 'yan doka. Ta samu inuwa ta zauna har aka gama jawabai. Da ta hango yaron yana naɗe wayar rikodarsa, ta miƙe ta tare shi.

"Ɗan nan, ka gane ni?"

Ya gane ta. Ya durƙusa, fuskarsa ta canza.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaya masa gawa an binne ta cikakkiya, ta gaya masa abin da ake faɗa a bakin rijiya, da jikarta da ta daina shiga ɗakinta. Sannan ta ce, "A gidanku uwa tana faɗin sunan ɗanta na fari?"

Muhammadu Lawal ya sunkuyar da kai. "Gwaggo, ni ma ɗan fari ne," in ji shi. "Har yau tsohuwata 'wancan yaron' take ce mini. Na san abin da kike nufi tun a ranar. Na ga labarin zai fi jan kunne a haka, na bar shi ya tafi. Ki yafe mini. Zan je in yi bayani da bakina."

"Bakinka ba zai wanke ba," in ji Inno. "Muryata suka ji. Buɗe abin."

Ya danna, faifan ya fara juyawa. Inno ta dubi bakin na'urar, ta dubi ruwan da ya miƙe har gindin duwatsu. Ta ji kamar uwarta da Dela da duk matan gidansu da suka shuɗe sun zagaye ta suna kallo. Sai ta tuna idon Saude a ƙofar ɗaki, ta damƙe bakin mayafinta.

"Ni ce Inno ta rugar Roni," ta ce. "Mai kadan nan da ya rasu a Gwiwa, ni na haife shi. Kunya ce ta sa na ce na Dela ne, haka ake yi a gidanmu. Ban taɓa yi masa baki ba. Tsoro nake ji masa, shi ke nan. Bai taɓa fita wasa ba sai da nonona a cikinsa da addu'ata a bayansa. Na yafe masa duniya da lahira." Faifan yana ta juyawa. "Sunansa Sama'ilu. Ɗana ne."

Abu direba, ƙaton mutum, ya koma bayan motarsa yana share ido da hula.

Ba ta sa ran za a saka ba, don ta ga alama gidan rediyo ya fi son kada da jini. Amma yaron ya cika alkawari. Bayan 'yan kwanaki, da la'asar sakaliya, maƙwabci ya fito da rediyonsa tsakar gida ya ƙure murya, mata suka bar daka suka taru. Muhammadu Lawal ya fara da cewa labarin da suka bayar akwai kuskure a ciki, kuma laifinsa ne. Sannan aka sako ta. Inno tana jin muryarta ta faɗa ɗaki ta ja asabari, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. A waje wata tsohuwa ta yi salati ta ce, "Inno ta faɗi sunan!" Wata ta amsa, "To da me za ta wanke shi?" Matan da suka yaɗa maganar a rijiya su ne suka fi kowa gyaɗa kai, suna cewa ai su dama sun sani.

Tana zaune a bakin gado ta ji an ɗaga asabari. Saude ce, riƙe da ƙwarya daga ɗakin Mairo, an wanke ta tas. Ta ce, "Innata ta ce in akwai nonon da ya yi miki yawa, tana so." Ta ajiye ƙwaryar, amma ba ta fita ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina kanta da gwiwar kakarta, kamar yadda ta saba.

"Inno, sake faɗa," in ji ta. "Ba na akwati ba. Ni ki faɗa mini."

Inno ta ɗora hannu a kan kitson yarinyar. Wannan karon bai yi mata nauyi kamar na farko ba.

"Sama'ilu," ta ce.

Sai hawayen da ta riƙe tun ranar Gwiwa suka zubo, ta bar su, ba ta ja mayafi ba.